Aliyu Namangi: Makahon Zariya Da Waƙarsa Ta Ƙi Mutuwa

Yau ba labarin sabon kundi na kawo muku ba, kuma ba rigimar 'yan Kannywood ba ce. Wani dattijo nake so mu tuna, wanda ya bar duniya tun 1990, lokacin da yawancinmu ko haihuwarmu ba a yi ba. Amma na yi imani da wuya a samu ɗaya a cikinku da bai taɓa jin waƙarsa ba, ko a rediyo, ko a bakin wani makaho a tasha, ko a status ɗin wata gwaggonku ranar Juma'a. Matsalar ita ce da yawa sun san waƙar, ba su san mai ita ba. Sunansa Alhaji Dakta Aliyu Namangi, mai Imfiraji.

An haife shi a ƙasar Zazzau wajajen 1894, wato tun kafin Turawa su shigo Zariya a 1902. Yana ƙaramin yaro ya rasa ganinsa. A wancan zamani, yaron da ya makance kusan an gama yanke masa hukunci: sanda, ƙoƙo da ɗan jagora. Shi kuwa sai ya kama karatu. Da kunne ya yi shi, malam na faɗa yana riƙewa, har ya samu rabonsa na ilimin addini da Larabci. Duk wanda ya saurari waƙoƙinsa zai ji wannan karatun a ciki, don tarihin Manzon Allah (SAW) da nasihohin malamai a shimfiɗe suke baiti bayan baiti.

Ku dubi tsawon rayuwar da ya yi. Yana yaro aka naɗa Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi a 1903, wanda shi ma gawurtaccen marubucin waƙa ne, shi ya yi Waƙar Diga kan aikin hanyar jirgin ƙasa. Ya ga zamanin Dalhatu, da Ibrahim, da Ja'afaru, da Muhammadu Aminu, ya kuma yi shekara 15 a zamanin Shehu Idris. Jirgin ƙasa, keke, mota, rediyo, kaset, duk a gabansa suka zo Zariya. Bai ga ko ɗaya da ido ba, amma ya ji su, har ɗaya daga cikinsu ya yi wa waƙa.

Babban aikinsa shi ne Imfiraji. Kalmar daga Larabci take, ma'anarta yayewar ƙunci, wato sauƙin da ke zuwa bayan tsanani. Ba waƙa ɗaya ba ce, jerin dogayen waƙoƙi ne da ya ɗauki shekaru yana tsarawa. A ciki akwai begen Annabi, akwai wa'azi kan mutuwa da kwanciyar kabari da tsayuwar alƙiyama, akwai kuma faɗa da ya yi wa mutanen zamaninsa kan halayen banza, ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Tsarinta 'yar ƙwar biyar ce: layi huɗu na farko su tafi da amsa-amo ɗaya, na biyar ya dawo kan babban amsa-amon da ke riƙe da waƙar.

To masu rubuta waƙa a cikinmu, ku tsaya ku yi tunani. Yau in za ka shiga situdiyo, waya na hannunka, ka rubuta, ka goge, ka sake. In ka yi tuntuɓe a yanke a ɗora. Shi wannan bawan Allah a kansa yake tsara baiti, ya auna shi da kunne, ya adana shi a ka, sai daga baya wani ya rubuta masa. Baitoci ɗaruruwa fa, ba goma ko ashirin ba. Kuma karin bai karye ba.

Sannan kada ku ɗauka kullum fuskarsa a murtuke take. Yana da Waƙar Keke, wadda barkwanci ce zalla, har Baturen nan masanin Hausa, Neil Skinner, ya yi rubutu a kanta a 1969. Yana kuma da Nuniyya, kan tarihin Manzon Allah (SAW). Mutum ɗaya ne zai sa ka kuka da zancen kabari, ya juyo ya sa ka dariya da zancen keke.

Ta hanya uku waƙarsa ta zaga ƙasar Hausa. Ta farko takarda. Zariya ce gidan ɗab'i na Arewa: a nan aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945, a nan NORLA ta yi aiki, a nan aka kafa NNPC a 1966. Ƙananan littattafan Imfiraji, daga ta 1 zuwa ta 9, sun shiga makarantu da kasuwanni da boko. Ta biyu rediyo da kaset, musamman da muryar Fauziyya Sarki Abubakar. Ta uku, wadda ni a ganina ta fi sauran ƙarfi, ita ce bakin mutane. 'Yan uwansa makafi sun haddace ta suna yawo da ita gari-gari, ƙofa-ƙofa, matan aure a cikin gida suna ji suna ɗauka.

Ta wannan hanya ta uku ce ta shigo gidanmu. Kakarmu, wadda muke kira Iya, a wajen Ƙofar Kuyambana ta yi zaman aurenta har ta rasu. Ba ta yi boko ba, ba ta taɓa buɗe littafin NNPC ba. Amma in tana tankaɗe ko tana tsince shinkafa, Imfiraji ce a bakinta, ƙasa-ƙasa, kamar tana hira da wani. Mu a lokacin hankalinmu na kan waƙoƙin fim, sai mu ce Iya ta fara nata.

Da Allah ya karɓi abarsa, ranar sadakar uku da daddare, baƙi sun watse, aka bar mu mu kaɗai a tsakar gida. Kowa ya yi shiru. Sai Gwaggo ta ɗauko wani baiti da Iya ke yawan yi in za ta kwanta, ta kai tsakiya murya ta sarƙe. Kawu, wanda ban taɓa jin ya rera komai ba a rayuwata, shi ya ƙarasa mata. Daga nan aka ɓalle. Wannan ta ce ita wurin begen take tunawa, don da shi Iya ke goya ta. Wancan ya ce shi wurin faɗan ya riƙe, don in ya yi laifi da shi take yi masa habaici. Ashe kowannenmu akwai guntun da ta bar masa, ba wanda ya san na ɗan uwansa. A daren nan muka harhaɗa su, muka yi kuka, muka yi dariya. Hoton Iya guda biyu kacal muke da su, amma muryarta tana nan birjik a cikin baitocin wani mutum da ya riga ta tafiya da shekaru.

Kuma na san ba gidanmu kaɗai ba ne. Ka zauna da dattawa a Kwarbai, ko Ƙofar Doka, ko Tudun Wada, ka ambaci Imfiraji. Kafin a yi maganar Namangi sai wani ya ce mahaifiyarsa ce ta faɗo masa a rai, wani ya ce wani makaho ne da ke zuwa ƙofar gidansu duk safiya. Mutumin da ya fi kowa tuna mana mutuwa, waƙarsa ce ta zama igiyar da muke riƙe mamatanmu da ita.

Tun yana raye duniya ta san da shi. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa na dakta, shi ya sa ake ce masa Dakta Aliyu Namangi. Manazarta har a Amurka, irin su Farfesa Russell Schuh na jami'ar UCLA, sun zauna suna auna karin Imfiraji. Ya yi aikin hajji, ya yi tsawon rai, ya rasu a 1990 yana da shekara casa'in da 'yan kai.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke yi da shi yanzu. Za ka ga an yanko rerawar Imfiraji an ɗora a TikTok, dubban mutane sun kalla, amma ba sunansa ko a gefe. Wani ya rubuta tsohuwar ƙasida, wani ya rubuta waƙar makafi, shi ke nan. Mu da muke tayar da jijiyar wuya in an ɗauki waƙar Hamisu Breaker ko Umar M. Shareef ba a ambace su ba, ai bai kamata mu yi wa wannan dattijo haka ba. Kuma tsofaffin da suka haddace ta ɗaya bayan ɗaya suke tafiya. In bakin da ke riƙe da ita ya rufe, littafi zai saura, amma irin karyawar muryar da kowace kaka ke yi mata ta tafi kenan.

Don haka roƙona biyu ne. In za ka tura ta, ka rubuta sunan mai ita. In kuma akwai tsohuwa ko tsoho a gidanku, yau ɗin nan ka je ka zauna kusa da su, ka ce Iya ko Baba a ɗan rera mini Imfiraji, ka danna rikodin a wayarka. Ka tambaye su a bakin wa suka fara ji. Wallahi labarin da za ka samu ya fi na fim.

Allah ya jiƙan Malam Aliyu Namangi, ya sa begen da ya yi ya cece shi, ya jiƙan iyayenmu da kakanninmu da suka rigaye mu. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.