Igor Sikorski, Yaron da Ya Fara da Jirgin Wasa

Yara, wane ne a cikinku bai taɓa yin motar kara ba? Wasu da gwangwani suke yi, wasu da waya. Labarinmu na yau na wani yaro ne da ya fara da irin wannan wasa, har ya ƙera jirgi mai saukar ungulu.

An haifi Igor Sikorski ranar 25 ga watan Mayu na shekarar 1889 a birnin Kiyef. A lokacin garin yana ƙarƙashin daular Rasha, yanzu kuwa shi ne babban birnin ƙasar Yukren. Igor ne auta a cikin ƴaƴa biyar. Mahaifinsa malamin jami'a ne. Mahaifiyarsa ta yi karatun likita, kuma ita ce ta fara koya masa karatu a gida.

Mahaifiyar tana ba shi labarin Leonardo da Vinci, mutumin Italiya wanda ya zana hoton wani inji mai tashi sama tun shekaru ɗari huɗu kafin haihuwar Igor. Yaron kuma yana son littattafan Jules Verne, marubucin nan na Faransa. Yana da shekara 12 ya haɗa wani ɗan ƙaramin jirgi mai farfela a bisa. Roba ce injinsa. In ya murɗa robar ya saki, sai farfelar ta juya, jirgin ya tashi. Tun daga nan ya ƙudura a ransa cewa wata rana sai ya yi babba, wanda zai ɗauki mutum.

A 1903 aka sa shi makarantar sojan ruwa. Bayan shekara uku ya bar ta, don hankalinsa yana wajen injuna. A 1909 yayarsa Olga ta ba shi kuɗi, ya tafi Paris ya sayo inji mai ƙarfin doki 25. Ya komo gida ya ƙera jirginsa na farko. Jirgin ya yi ƙara, ya yi ta girgiza, amma bai bar ƙasa ba. A 1910 ya ƙera na biyu. Wannan ya iya ɗaga kansa, amma ya kasa ɗaukar matuƙi. Igor ya gane injunan zamanin sun yi nauyi, kuma ƙarfinsu bai kai ba. Sai ya ajiye aikin, ya koma ƙera jirage masu fukafuki.

Wata rana a 1911 yana cikin tuƙi, injin jirginsa ya mutu, dole ya sauka ba shiri. Da aka bincika, sai aka tarar sauro ne ya toshe hanyar mai. Igor ya yi tunani: ashe sauro guda yana iya hallaka matuƙi in inji ɗaya ne ga jirgi. Saboda haka a 1913 ya ƙera jirgi mai inji huɗu, irinsa na farko da ya tashi a duniya.

A 1917 aka yi juyin mulki a Rasha. Igor ya bar ƙasar, ya bar dukiyarsa. Ya zauna kaɗan a Faransa, sannan ya isa Niyok, a Amurka, a 1919. Ba shi da kuɗi, ba shi da aiki. Ya riƙa koya wa ƴan ƙasarsu masu gudun hijira lissafi don ya sami abinci. A 1923 shi da abokansa suka buɗe kamfani a wata gonar kiwon kaji. Suna tsinto tsofaffin ƙarafa suna aiki da su. Wani shahararren makaɗi ɗan Rasha mai suna Rakmaninof ya taimake su da dala 5,000. Sannu a hankali kamfanin ya girma, har ya riƙa ƙera manyan jirage masu sauka a bisa ruwa.

Duk da haka Igor bai manta da jirgin wasansa ba. A lokacin, wasu masana a Faransa da Jamus sun riga sun tashi da jirage masu saukar ungulu. Babbar wahalar ita ce wannan: in farfelar bisa ta juya ta wannan gefe, sai jikin jirgin ya nemi juyawa ta wancan. Igor ya sa babbar farfela guda a bisa, da ƙarama a wutsiya don ta riƙe jikin jirgin. Yawancin jirage masu saukar ungulu a kan wannan tsari ake ƙera su har yau.

Ranar 14 ga watan Satumba na 1939 ya gwada sabon jirginsa mai suna VS-300. Shi da kansa ya hau, da malafarsa a ka, yana da shekara 50. An ɗaure jirgin don kada ya kubce. Ya ɗaga sama kaɗan, ya sauko. Shekara 38 ke nan bayan jirgin roba. Mai haƙuri shi ke dafa dutse ya sha romo.

A 1942 aka fara ƙera wa sojojin Amurka wani jirginsa mai suna R-4. A watan Afrilu na 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wani ƙaramin jirgi ya faɗi cikin dajin Bama, wadda ake kira Miyanma yanzu. Mutum huɗu ne a ciki, uku daga cikinsu sojoji ne masu rauni. Ba fili, ba hanyar mota, ga abokan gaba a kusa. Aka aika irin wannan jirgi na Igor. Mutum ɗaya kawai yake iya ɗauka ban da matuƙi. Ya yi sawu huɗu cikin kwana biyu, ya kwashe su duka da ransu.

Igor ya fi alfahari da irin wannan aiki na ceton rai a kan duk sauran ayyukan jiragensa. Ya yi murabus a 1957, amma bai daina zuwa kamfanin yana ba da shawara ba. Ya rasu ranar 26 ga watan Oktoba na 1972, yana da shekara 83.

Ma'anar kalmomi

Farfela: abin da ke juyawa yana tura iska.
Matuƙi: mai tuƙa jirgi ko mota.
Murabus: barin aiki don a huta.

Tambayoyi

1. Da me Igor ya tayar da jirginsa na wasa?
2. Me ya hana jiragensa biyu na farko ɗaukar mutum?
3. Wane darasi ya koya daga sauro?
4. Mene ne amfanin ƙaramar farfelar wutsiya?

Aikin hannu

Faɗin farfelar R-4 ya kai wajen mita 11 da rabi. Idan muka rage shi sau 50, zai zama santimita 23. Ku yanka kara daidai wannan awo, ku yi babbar farfela. Ku yi jikin jirgin da ɓargon kara ko kwali, ku sa wutsiya da ƙaramar farfelarta. Sojoji sukan shafa wa jirgin daji fenti kore, na hamada kuwa mai launin rairayi, don kada a hango shi daga nesa. Ku zaɓi ɗaya, ku shafa, ku shanya a inuwa. In ya bushe, ku kawo wa malam ya gani.