Eduard Vogel: Saurayin da Ya Auna Ƙasarmu

A shekarar 1855, zamanin Sarki Muhammadu Kwairanga, wani Bajamushe ɗan shekara 26 ya sauka a Gombe. Ba wannan birni da muke ciki yau ba, domin sai a 1919 aka dawo da fadar sarki nan Doma. Gombe Abba ce, tsohuwar hedkwata da ke bakin kogin Gongola. Sunansa Eduard Vogel, amma a hanya ana kiransa Abdulwahid. Kayansa ba na fatauci ba ne: madubin hangen taurari, ma'aunin zafi, agogo da littattafan rubutu.

An haife shi a garin Krefeld ran 7 ga Maris, 1829, ya girma a Leipzig inda mahaifinsa yake shugaban makaranta. Ya karanci ilmin taurari da na tsirrai a Leipzig da Barlin, daga nan ya sami aiki a wani gidan duban taurari a Landan. A 1853 gwamnatin Ingila ta aike shi ya tallafa wa Heinrich Barth, wanda abokan tafiyarsa biyu, Richardson da Overweg, suka riga suka mutu a ƙasar Borno. Vogel ya ƙetare Sahara daga Tarabulus, ya iso Kukawa a watan Janairu 1854.

Aikinsa na haƙuri ne. Da dare yakan dubi taurari don ya tabbatar da matsayin gari a taswira. Da rana ya auna tudun ƙasa da zafin iska, ya tsinki ganyaye da furanni ya busar, ya rubuta inda ya same su. Haka ya yi a bakin Tafkin Chadi, a shekarar da ruwa ya cika har ya ci yawancin garin Ngornu, kusa da Kukawa. A ƙarshen 1854 ya yi kiciɓis da Barth cikin daji kusa da Bundi, alhali an riga an baza labarin cewa Barth ya mutu.

Da shigowar 1855 ya nufo kudu. Ya bi ta Gujba da Gombe zuwa Bauchi, ya kai kogin Binuwai, ya je Zariya, ya koma Kukawa a watan Disamba. Bayan haka ya yi gabas zuwa Wadai, cikin ƙasar Chadi ta yau. Can aka zarge shi da leƙen asiri, aka kashe shi a farkon 1856, bai cika shekara 27 ba. Yawancin takardunsa na ƙarshe sun salwanta. Abin da ya tsira shi ne wasiƙu da awon da ya riga ya aika gida. 'Yar'uwarsa Elise Polko ta tattara labarinsa cikin littafi a 1863, shekarar da aka kashe von Beurmann, wanda ya fito neman sawunsa.

Mai karatu zai iya tambaya, mene ne amfanin wannan wahala? Amsar tana bakin Tafkin Chadi. Tafkin da ya ci gari a zamanin Vogel ya kai faɗin kilomita murabba'i kusan 25,000 a 1963, amma farin shekarun 1970 da 1980 ya janye shi zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na wannan. Ba za mu gane girman irin wannan sauyi ba in da wasu ba su tsaya sun auna, sun rubuta ba. Ƙasa tana sāke kama a hankali, ido kuwa yana sabawa.

Mu ma a Gombe muna ganin kwazazzabai suna cin unguwanni, itatuwan da iyayenmu suka huta a inuwarsu sun zama gawayi. Iyaye, ku ba yaranku littafi su riƙa rubuta ranar ruwan farko da na ƙarshe, da zurfin rijiyar gida, da itatuwan da ke gona. Jikokinsu za su nemi wannan littafi.