Marigayi Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun

An haifi Alhaji Musa Ɗanƙwairo a farkon ƙarni na 20 a ƙauyen Ɗankadu da ke ƙasar Bakura, maƙwabciyar Talata Mafara. Kiɗa gadonsa ne. Mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, makaɗin noma ne wanda daga baya ya zama makaɗin Sarkin Kayan Maradun, kuma a hannunsa Musa ya fara koyon amshi tun yana yaro. Daga cikin 'yan amshin mahaifin nasa akwai wani mai zaƙin murya da ake kira Ƙwairo. Da jama'a suka ji muryar yaron ta yi kama da tasa, sai suka laƙaba masa Ɗanƙwairo, har laƙabin ya danne sunan yanka.

Bayan rasuwar mahaifinsu, yayansa Abdu Kurna ya gaji shugabancin kiɗa, shi kuwa Musa ya zama Daudun Kiɗi, wato mataimakinsa. Wannan dogon zama cikin 'yan amshi shi ne ginshiƙin salonsa. Duk wanda ya saurari waƙarsa da kyau zai ji cewa jagora ba ya ɗaukar nauyi shi kaɗai: yakan ɗauko ɗa ya sake shi, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, wani sashe ya karɓa daga bakin wani, kotso kuwa yana biye da su. Haka makaɗan noma suke zuga manoma a gonar gayya. A ganinmu Ɗanƙwairo bai taɓa rabuwa da gona ba, ɗaukarta ya yi ya shiga da ita fada, tare da Hausarsa ta Zamfara wadda bai sauya ba ko a gaban wane sarki.

Sunansa ya game Arewa lokacin da ya zama makaɗin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa. Bayan kisan Sardauna ranar 15 ga Janairu, 1966, ya ci gaba da waƙar sarakuna, musamman 'Yandoton Tsafe Aliyu da Sarkin Daura Muhammadu Bashar, waɗanda waƙoƙinsu na cikin mafiya shahara a bakin jama'a.

Allah ya yi masa rasuwa a shekarar 1991, shekara 5 kafin a ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996. 'Ya'yansa da jikokinsa sun ci gaba da riƙe kotson gidan.