Abubakar Imam: Malamin makarantar da gasar rubutu ta fito da shi

A shekarar 1933, Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Dalili kuwa, yara na koyon karatu a makarantu, amma babu littafin da zai ja hankalinsu su ci gaba da karantawa.

Cikin waɗanda suka yi nasara har da wani malami ɗan shekara 22 da ke koyarwa a Midil ta Katsina, Abubakar Imam, da littafinsa Ruwan Bagaja. Yayansa Bello Kagara ma ya ci da Ganɗoki, haka Abubakar Tafawa Ɓalewa da Shaihu Umar.

An haifi Imam a Kagara, cikin Jihar Neja ta yanzu, a 1911. Ya fara da karatun allo da na littattafan Larabci a gida, sannan ya shiga Kwalejin Katsina.

Ganin irin alƙalaminsa ya sa East ya nemi a ba shi aron Imam zuwa Zariya a 1936. Cikin wata shida ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, domin 'yan makaranta. Duk wanda ya yi firamare ko sakandare a Dutse, Kiyawa ko Birnin Kudu, da wuya a ce bai san akun nan da ya riƙe Musa ɗan Sarki da labarai don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri ba.

Abin da masu karatu da yawa ba su sani ba shi ne, ba duka labaran ne na ƙasar Hausa ba. Akwai na Dare Dubu da Ɗaya, akwai na Indiya, akwai kuma tatsuniyoyin Jamus da 'yan'uwan nan biyu, Jacob da Wilhelm Grimm, suka fara bugawa a 1812. Imam ya sauya musu sunaye da garuruwa, ya sa musu sarakuna da alƙalai da fatake, ya zuba karin magana, har ba mai jin ƙamshin baƙunta. Masana sun daɗe suna muhawara ko wannan aro ne ko ƙirƙira. Sai dai wanda ya ajiye labarin asali kusa da na Imam zai ga raha da azancin duk nasa ne.

A Janairun 1939 ya zama editan Hausa na farko na Gaskiya Ta Fi Kwabo. A 1943 ya je Ingila tare da 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ciki har da Nnamdi Azikiwe, inda ya gana da Lugga ya faɗa masa koke-koken 'yan Arewa. Daga baya ya taɓa siyasa, ya kuma shugabanci Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Arewa.

Ya rasu a Zariya ranar 19 ga Yuni, 1981, yana da shekara 70.