ORIJEN, MALAMIN ISKANDARIYA

A cikin wannan wata muna so mu ba ku labarin wani malami na ƙasar Masar, sunansa Orijen. An haife shi a birnin Iskandariya wajen shekara ta 185. Ubansa Liyonidas mai bi ne. Kowace rana yakan sa yaron ya haddace wani yanki na Littafi Mai Tsarki, amma hadda kaɗai ba ta ishi yaron ba, sai ya yi ta tambayar ma'anar abin da ya karanta.

A shekara ta 202 tsanani ya tashi, aka kama Liyonidas. Orijen ya so ya bi shi su mutu tare, sai uwarsa ta ɓoye tufafinsa, ya rasa yadda zai fita. Aka fille kan uban, aka ƙwace dukiyarsu. Ga uwa, ga ƙanne 6, shi kuwa bai cika shekara 17 ba.

Tsananin nan ya watsa malaman da ke koya wa sababbin masu bi. Da Orijen ya kai shekara 18, sai Dimitriyas, shugaban ekklisiyar birnin, ya danƙa masa makarantar. Don kada ya nawaita wa kowa, ya sayar da littattafansa, wanda ya saya yana ba shi 'yan kuɗi kaɗan kowace rana. Yana kwana a ƙasa, yana tafiya ba takalmi. Da aka yanke wa waɗansu almajiransa hukuncin kisa, ya raka su har wurin kisan yana ƙarfafa su. Da almajirai suka yi yawa, ya raba makarantar biyu. Ya ba wani almajirinsa mai suna Hiraklas masu farawa, shi kuma ya riƙe waɗanda suka yi nisa.

Wajen shekara ta 232 suka sami saɓani da Dimitriyas, ya ƙaura zuwa Kaisariya a ƙasar Falasɗinu, ya buɗe wata makaranta. Wani saurayi mai suna Girigori, wanda ya fito da niyyar karatun shari'a, ya gamu da shi can, ya zauna shekaru yana ɗaukar karatu. Daga wurinsa muka san yadda Orijen yake koyarwa.

Da fari yakan koya musu auna magana, su iya rarrabe hujja da daɗin baki. Sa'an nan lissafi da ilimin taurari, don su ga tsarin halittar Allah. Bayan wannan sai ilimin hali, wato adalci, da hankali, da kamewa, da ƙarfin zuciya. A nan bai yarda su tsaya ga baki ba, sai sun aikata, suna kuwa ganin misalin a jikinsa. Yakan sa su karanta littattafan masu hikima na Helenawa su gwada su, kada su manne wa mutum ɗaya. Bayan duk wannan yakan shiga da su zurfin Littafi Mai Tsarki, gama dominsa aka yi sauran karatun.

Shi kansa bai daina koyo ba. Ya koyi Ibrananci, ya jera Tsohon Alkawari layi 6 gefe da gefe: Ibrananci, da Ibrananci cikin baƙaƙen Helenanci, da fassara 4 na Helenanci, don mai karatu ya ga inda suka bambanta.

A shekara ta 250, zamanin Kaisar Desiyus, aka kama shi, aka ɗaure shi da sarƙa, aka yi masa azaba ƙwarai, amma bai yi musun Ubangijinsa ba. Aka sake shi jiki ya lalace, ya mutu wajen shekara ta 254.

Ba dukan koyarwarsa ekklisiya ta karɓa ba. Ya koyar cewa rayukan mutane suna nan tun kafin a haife su, abin da Littafi bai faɗa ba. A shekara ta 553 babban taron ekklisiya a birnin da ake kira Santambul yau ya sa sunansa cikin waɗanda ya ƙi. Ashe ko babban malami, sai a gwada maganarsa da Maganar Allah.

Muna da samari da 'yammata da suka fara karatun addini a makarantun Littafi Mai Tsarki da jami'o'i. Za su gamu da tambayoyi masu wuya, kada mu tsorata, kada kuma mu hana su tambaya. Mu roƙi Allah ya ba su malamai masu bi da su hawa hawa, waɗanda halinsu ya yi daidai da koyarwarsu.