SARKIN KANO IBRAHIM DABO: YADDA SABON SHUGABA YA SHAWO KAN ƘASA

Cikin shekarar 1819 Allah ya yi wa Sarkin Kano Sulaimanu rasuwa, bayan ya yi shekara goma sha biyu yana riƙe da Kano. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya aiko da takarda daga Sakkwato, ya naɗa Malam Ibrahim Dabo, shugaban Sulluɓawa, ya gaje shi. Daga wannan shekara har zuwa yau zuriyar Dabo ce ke sarautar Kano. Amma wanda ya ga halin da ƙasar ke ciki ranar da aka naɗa shi, ba zai yi tsammanin zai shekara biyu bisa gado ba. Labarinsa yana da amfani ga duk wanda aka ɗora bisa waɗansu, ko a ofis ko a makaranta, domin wahalar da ya tarar ita ce sabon shugaba ke tararwa ko'ina, watau an ba shi iko a takarda, amma mutane ba su ba shi zukatansu ba tukuna.

Asalinsa da halin da ya tarar

Dabo ƙane ne ga Malam Jamo, wanda ya ja ragamar Sulluɓawa a jihadin ƙasar Kano. Da Jamo ya rasu sai shugabancin gidansu ya dawo hannunsa. Malami ne da ya yi karatu tun kafin sarauta ta same shi, har akwai littafin Larabci da ake jingina masa mai suna Kaff al-Ikhwan.

Jihadin Kano ba mutum ɗaya ya yi shi ba. Gidaje da dama ne suka haɗa kai, akwai Sulluɓawa, da Yolawa, da Joɓawa, da Dambazawa, da waɗansu, kowane gida da malaminsa da mayaƙansa. Su ne suka kori Sarkin Kano Alwali, ya ratsa ta Zazzau da Rano, har aka cim masa a Burumburum cikin 1807. Da yaƙi ya ƙare, kowane gida yana ganin guminsa ne ya kawo nasara. Sulaimanu mutumin kirki ne, limami mai gudun duniya, amma ya yi fama da manyan nan har ƙarshen ransa. Saboda haka abin da Dabo ya gada sa'o'insa ne da abokan gwagwarmayarsa, waɗanda jiya suke zama da shi bisa buzu ɗaya, yau kuwa an ce su yi masa mubaya'a.

Tawaye

Ba a daɗe da naɗinsa ba garuruwa suka yi ta juya baya. Mafi ƙarfin 'yan tawayen shi ne Ɗan Tunku na Dambatta, a arewa da birni, wanda ya riƙa kai hari har kusa da ganuwa. A kudu kuma Rano ta ƙi bi. Rano kuwa ba ƙaramin gari ba ne. Tana cikin Hausa Bakwai, ita da Kano ake kira sarakunan baba, ga ganuwa ga duwatsu, sa'an nan mutanenta sun san suna da sarautarsu tun fil azal. In Rano ta tsaya bisa ƙin bi, to, duk kudancin ƙasar ya fita hannu.

Masu tarihi sun ce Dabo bai yi gaggawar ɗaura sirdi ba. Ya shiga halwa kwana arba'in yana roƙon Allah, sa'an nan ya fito ya shirya rundunarsa. Bai kuma raba ƙarfinsa ya fuskanci kowa rana ɗaya ba, sai ya bi garuruwan ɗaya bayan ɗaya. Ya ci Gasakoli, da Jijita, da Sankara, ya ci Rano. Saboda wannan ne aka yi masa laƙabi da Ci-gari.

Abin lura shi ne abin da ya biyo bayan cin Rano. Ba a shafe sarautarta ba. Sarkin Rano ya ci gaba da zama cikin garinsa, yana riƙe da ƙasarsa a ƙarƙashin Kano, kamar yadda sarakunan Gaya da Dutse da Ƙaraye suke. Amfanin wannan ya fito fili a zamanin 'ya'yansa, sa'ad da Ningawa suka matsa wa kudancin Kano da hare-hare. Garuruwan kudu masu ganuwa da sarakuna zaunannu, su ne suka zama garkuwar birni.

Yaƙin Ɗan Tunku ya fi daɗewa, ya ɗauki shekaru. Dabo ya kafa ribaɗi a Fanisau domin tsare arewa, ya riƙa zama can da kansa tare da mayaƙa. A can Baturen nan Kilabatan ya same shi cikin 1824, sa'ad da ya ratsa Kano zai tafi Sakkwato, shi ne kuma ya ƙiyasta mutanen birni tsakanin 30,000 da 40,000. Daga bisani Dabo ya rinjayi Ɗan Tunku, ya ture shi arewa. Sai Sarkin Musulmi ya yanke hukunci Kazaure ta zama ƙasa mai kanta a hannun gidan Ɗan Tunku. Wannan yanki ne da Kano ke ganin nata ne, amma Dabo ya karɓi hukuncin na gaba da shi. Mai neman na ƙasa su bi shi, wajibi ne su gan shi yana bin na sama.

Rabon aiki

Cin gari da takobi ya fi riƙe shi sauƙi. Babban aikin Dabo shi ne tsarin da ya kafa bayan ƙura ta lafa. Masu jihadi da fari sun ƙyamaci sarautun Haɓe, suna ganin alamun mulkin da suka rushe ne. Amma rashinsu ya sa ba wanda ya san iyakar aikinsa, ba kuma wanda ya san wa zai tambaya in abu ya ɓaci. Dabo ya nemi iznin Sarkin Musulmi Bello, ya maido da sarautun, ya raba su kashi uku.

Kashi na farko ya ba manyan gidajen jihadi, kowane gida da sarautar da ta tabbata a cikinsa. Madaki ya zama na Yolawa, Makama na Joɓawa, Sarkin Bai na Dambazawa, zuriyar Malam Jamo kuwa suka riƙe Sarkin Dawaki Mai Tuta. Waɗannan huɗu su aka sani da masu zaɓen Sarkin Kano. Da haka mutanen da suke iya zama abokan gaba suka zama masu rabo cikin mulkin, kowa yana da abin da zai yi asara in ƙasa ta rikice.

Kashi na biyu ya ba 'yan'uwansa da 'ya'yansa, kamar ɗan'uwansa Sani da ya riƙe Galadima. Ya sa su aiki tun yana da rai, suka koyi yaƙi da shari'a da karɓar haraji a gaban idonsa.

Kashi na uku na bayin sarki ne, irin su Shamaki da Ɗanrimi da Sallama. Su ke kula da fada da dawaki da gandaye, su ke kai saƙo tsakanin sarki da hakimai. Ta bakinsu labarin ƙasa ke isa ga sarki, don kada ya dogara ga bakin mutum ɗaya.

Ƙarshensa da abin da ya bari

Dabo ya rasu cikin watan Safar na 1262, watau Fabrairun 1846, bayan shekara ashirin da bakwai bisa gado. 'Ya'yansa uku suka gaje shi bi da bi, Usman, da Abdullahi, da Muhammadu Bello. Sa'ad da Bature Bat, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso Kano cikin 1851, ya tarar da birnin da ya fi kowane shahara wajen saƙa da rini da fatauci a ƙasar Hausa. Zaman lafiyar da Dabo ya shuka ne 'yan kasuwa ke girba.

Amma fa tsarin yana da miki a ciki. Da zuriya ta yi yawa, sarautu suka yi kaɗan, kowane sarki ya riƙa tuɓe 'ya'yan ɗan'uwansa yana naɗa nasa. Wannan ne ya haifi basasar Kano cikin 1893, tsakanin Tukur ɗan Bello da 'ya'yan Abdullahi, aka zubar da jini mai yawa tsakanin jikokin mutum ɗaya. Dabo ya raba muƙami ga danginsa bisa larura, waɗanda suka biyo baya suka mai da shi gado, suka manta da larurar.

To, malamin da aka ba shugabancin makaranta, ko akawun da aka ɗora bisa abokan aikinsa na jiya, ga madubi. Dabo ya natsu kafin ya motsa, ya ɗauki matsalolinsa ɗaya ɗaya. Inda ya ci nasara bai tozarta wanda ya kayar ba, ya bar masa girmansa ya ba shi aiki. Ya yanka wa kowa iyakarsa, ya zauna inda wahala take tare da mutanensa, ya bi na gaba da shi ko da hukunci bai yi masa daɗi ba. Inda zuriyarsa suka yi tuntuɓe kuwa, wajen fifita nasu ne bisa wanda ya cancanta. Allah ya ji ƙan Sarkin Kano Ibrahim Dabo, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, amin.