Edgar de Normanville: Ɗan jaridar da ya ƙera giyar da ke hutar da injin mota

Duk direban da ya taɓa ɗaukar hanyar Maradi zuwa Yamai, tafiyar da ta haura kilomita 600 ta Birnin Ƙonni da Dosso, ya san amfanin giyar ƙarshe. Ita ce ke sa mota ta yi gudu ba tare da inji ya yi ta kururuwa ba, mai kuma ya daɗe a tanki. A wasu motoci masu canza giya da kansu akwai ɗan maɓalli mai haruffan O/D a jikin sandar giya, wanda matasa da dama ke dannawa ba su san tarihinsa ba. Cikin waɗanda suka fi yi wa wannan fasaha hidima akwai wani Bature ɗan Ingila, Edgar de Normanville, injiniya kuma ɗan jarida, wanda ya rasu a 1968.

Tashinsa

An haifi Edgar Joseph de Normanville a ranar 13 ga Oktoban 1882 a garin Leamington Spa da ke tsakiyar Ingila. Mahaifinsa, William de Normanville, shi ne injiniyan hukumar garin, kuma har yau akwai gadoji da ya tsara a can. Edgar ya yi karatu a makarantar Ampleforth, sannan ya shiga koyon aikin injiniya a hannun ƙwararru.

Tun yana ɗan makaranta ya fara ƙirƙira. Ya lura cewa gilashin da ke juyawa da sauri yana watsar da duk ruwan da ya sauka a kansa. Daga nan ya tsara faifan gilashi mai juyawa da ake dasawa a tagar gaba, domin matuƙi ya riƙa ganin hanya ko da ana tafka ruwa. Kamfanin George Kent ya riƙa ƙera shi daga baya, kuma har gobe ana ganin irinsa a ɗakin matuƙan jiragen ruwa.

Aikin jarida da soja

A 1908 ya kama aiki da mujallar The Motor, wadda ke fitowa mako-mako kan harkar motoci. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, ya shiga rundunar injiniyoyin sojan Birtaniya, inda ya kai muƙamin kyaftin. Bayan yaƙi ya koma alƙalami, ya zama wakilin jaridar Daily Express kan sha'anin motoci.

Aikin ya sa ya tuƙa motoci iri-iri, ya kuma ga abin da ke wahalar da direbobi. A wancan zamani canza giya sai gwani, domin ƙaramin kuskure kan sa haƙoran giya su yi ƙara ko su karye. De Normanville ya tsara wani giyabos mai giya huɗu da ke sauƙaƙa wannan aiki, kamfanin Humber ya sa shi a wasu motocinsa a shekarun 1930. Bai bazu sosai ba, amma shi ne harsashin abin da ya biyo baya.

Giyar dogon zango

Matsalar da ya sa a gaba ita ce, a giyar ƙarshe ta motocin lokacin, inji da sandar da ke kai ƙarfi ga tayoyin baya juyi ɗaya suke yi. A doguwar hanya inji yakan yi ta gudu fiye da kima, ya sha mai, ya yi zafi, ya tsufa da wuri. A Amurka kamfanin Borg-Warner ya riga ya fito da tasa dabarar tun shekarun 1930, sai dai dole direba ya ɗaga ƙafa daga totur kafin ta shiga.

De Normanville ya tsara ƙaramin akwati da ake ɗaurawa a bayan giyabos. A cikinsa akwai faifai mai haƙora a tsakiya, wasu ƙanana suna zagaye shi, sai babban zobe mai haƙora ta ciki ya rufe su duka. Idan ana tafiya yadda aka saba, sifirin yakan danne wani kuloci ya haɗe na tsakiya da zoben, komai ya juya tare. Da direba ya taɓa maɓalli, wutar lantarki ta buɗe hanyar mai, ƙarfin man ya ture kulocin ya riƙe faifan tsakiya cak. Nan take zoben ya fara juyawa fiye da inji. Gudun mota yana nan yadda yake, amma juyin inji ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar, wato injin da ke juyi 4,000 a minti ya sauko wajen 3,200. Ba a taka kuloci, ba a sakin totur.

Ya haɗa kai da wani attajirin masana'antu na Kwabantiri, Axel Wickman, kamfanin Laycock Engineering na Sheffield kuma ya ɗauki ƙera na'urar. Ta fara fitowa a motar Standard Vanguard, lokacin mai ƙirar ya haura shekara 60.

Motocin da suka ɗauke ta

Motocin wasanni na Ingila ne suka fi yaɗa sunanta. Austin-Healey 100 ta 1953 giya uku gare ta, amma da na'urar tana aiki a ta biyu da ta uku, sai direba ya samu biyar. Triumph TR2, Jaguar XK140 da MGB duk an sayar da su da ita ga mai so. Buɗe babbar hanyar M1 a 1959 ya ƙara mata kasuwa, domin tafiya mai nisa da gudu ta zama ruwan dare. Kamfanin Volvo na Suwidin shi kaɗai ya sayi sama da miliyan ɗaya, jimillar waɗanda aka ƙera kuma ta wuce miliyan uku.

Har yanzu masu tsofaffin motocin nan a Turai da Amurka suna neman na'urar su ɗaura wa waɗanda suka fito babu ita. Aikin ya wuce ɗaure kusoshi. Sai an sauya babbar sandar cikin giyabos da wadda ke ɗauke da abin da ke motsa famfon mai, a wasu motocin a rage tsawon sandar da ke zuwa baya, sannan a ja waya. Abin da makanikai suka fi tsoro shi ne maɓallin tsaro da ke hana na'urar shiga idan an sa ribas. In ya lalace aka ja da baya tana ciki, kulocin da aka yi don juyawa gefe ɗaya yakan farfashe.

Ƙarshensa

De Normanville ya rasu ranar 17 ga Janairun 1968 yana da shekara 85, lokacin na'urarsa tana tsakiyar tashenta. Daga shekarun 1970 kamfanoni suka koma saka giya ta biyar a cikin giyabos ɗin kansa, wanda ya fi araha, motoci masu jan tayoyin gaba kuma suka yawaita, sai kasuwar akwatin Laycock ta yi ta ja baya.

O/D ɗin da ke motocin da aka shigo da su Nijar ta Kwatano ba akwatinsa ba ne, amma manufar guda ce, kuma yawancinsu da irin waɗancan faifai masu zagaye juna suke aiki. Shi ya sa makanikai ke cewa a bar shi a kunne a shimfiɗaɗɗiyar hanya don rage shan mai, a kashe shi wajen hawan tudu, gangara mai tsawo ko jan kaya masu nauyi.

Ga yaran da ke koyon aiki a garejojin Maradi, Tibiri da Jiratawa, abin lura a tarihinsa shi ne inda ya samo dabarar. Ya shafe shekaru yana tuƙi, yana sauraren ƙorafin direbobi, yana rubutawa, kafin ya zauna ya zana maganin abin da ya gani. Ladan bai zo ba sai da furfura ta cika kansa, kuma a kan ƙaramin allon ƙarfen da ke jikin na'urar, sunan Laycock ne ke gaba, nasa na biye.